Gurbin Yaro a Head Start: Shawara ga Sababbin Zuwa Amurka

Duk wanda ya sauka Amurka da ƙananan yara, kafin ya gama sabawa da sanyi zai gane cewa kuɗin raino ya fi ƙarfin aljihunsa. A birni irin New York, abin da gidan raino ke karɓa a wata kan yaro ɗaya yakan yi kusa da kuɗin haya. Shi ya sa a gidajen mutanenmu da yawa, daga unguwar Bronx ta New York har biranen Greensboro da Harrisburg, za ka tarar uwa ta haƙura da aiki ta zauna, ko ta ɗauki yaro zuwa shagon kitso ya wuni a kusurwa da waya a hannu, maigida kuma yana can yana tuƙi har dare ya raba. Ban ga laifin kowa ba, hali ne ya kawo. Abin da ke damuna shi ne, da yawa cikin yaran nan sun cancanci gurbi a makarantar share fage wadda ba a biyan ko sisi, amma iyayensu ba su nema ba. Wasu ba su taɓa jin labarinta ba, wasu kunya ta hana su, wasu tsoro.

Sunan shirin Head Start. An kafa shi a 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, cikin abin da ya kira yaƙi da talauci. Da farko na mako takwas ne kawai a lokacin bazara, amma a wannan karon na farko ma yara fiye da 500,000 suka shiga. Yana ɗaukar 'yan shekara 3 zuwa 5. A 1994 aka ƙara masa ƙani, Early Head Start, domin mata masu ciki da jarirai har su cika shekara 3. Kuɗin daga gwamnatin tarayya yake fitowa, ta hannun ma'aikatar lafiya da walwalar jama'a, sai a miƙa wa ƙungiyoyin unguwa da hukumomin makarantu su gudanar. Saboda haka ba lalle ne ku ga sunan a jikin gini ba. Wata cibiyar ma a harabar coci take haya. Kada wannan ya sa ku juya, doka ta hana a yi wa yara wa'azin addini da kuɗin shirin. Haƙƙi ne da aka ware daga harajin da ku ma kuke biya, babu bara a cikinsa.

Ma'aunin farko shi ne abin da iyali ke samu a shekara kafin a cire haraji. A 2025, iyali mai mutum huɗu da samunsu bai wuce dala 32,150 ba sun shiga, kuma kowane ƙarin mutum ɗaya ana ƙara dala 5,500, wato mai mutum shida dala 43,150 ke nan. Adadin yana sauyawa duk farkon shekara. Wanda yake karɓar tallafin abinci na SNAP, ko tallafin kuɗi na TANF ga iyalai mabuƙata, ko na SSI ga nakasassu da tsofaffi, ba sai an yi masa wannan lissafi ba, takardar tallafin ta wadatar. Ko kun ɗan haura layin, kada ku yanke wa kanku hukunci a gida. An yarda cibiya ta ɗauki wani kaso na yara daga iyalan da suka ɗan zarce, kuma tun 2024 ana iya rage wa iyali kuɗin gida da ya wuce kashi 30 cikin ɗari na samunsu kafin a auna. Ga mazaunin Bronx, wannan kaɗai yana iya sauya amsa, don haka ku tafi da takardar haya da ta wuta.

Ga wurin da mutanenmu suka fi yin asara. Yawancinmu idan mun zo, gidan ɗan'uwa ko ɗan garinmu muke sauka, miji da mata da yara a ɗaki ɗaya har Allah ya hore. A wajenmu zumunci ne. A dokar Amurka kuwa, iyalin da suke raɓe a gidan wani saboda ba su da halin kama nasu suna cikin waɗanda ake lissafawa marasa matsuguni na dindindin, kuma yaronsu ya cancanta kai tsaye ba tare da duba samu ba. Har ana iya ba su lokaci su kawo takardun rigakafi daga baya. Amma da ma'aikaciya ta tambaya, sai a ce mata "muna da gida, alhamdu lillahi", a rufe maganar. Ku faɗi yadda abin yake: gidan wa ne, ku nawa ne a ɗaki, tun yaushe. Wannan ba butulci ba ne ga wanda ya sauke ku, kuma albashinsa ba ya shiga lissafinku. Samun iyayen yaro kawai ake dubawa.

Mai kitso da direban tasi da mai kai saƙo a keke sukan ce ba su da takardar albashi. Takardar harajin bara ta isa, ko wasiƙa daga mai shago. In babu ko ɗaya, ana karɓar bayanin da mutum ya rubuta ya sa hannu. Ku rubuta gaskiya, domin kuɗin tarayya ne, ƙarya a kansa tana da hukunci kuma tana iya biyo mutum har wurin gyaran takardunsa.

Maganar takardun zama ita ce babban tsoro, kuma ba zan raina ta ba. Shekara da shekaru Head Start ba ta tambayar matsayin shige da fice na yaro ko na iyayensa. A watan Yulin 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da niyyar sauya hakan, a Satumba kotun tarayya ta dakatar da sauyin. Magana ce ta gaban alƙalai, don haka kafin ku cika fom ku tambayi cibiyar kai tsaye wace takarda suke nema a yanzu. Wanda yake da shari'ar mafaka ko neman katin zama, ya tambayi lauyansa. Kada ya dogara da saƙon murya da aka turo a zauren WhatsApp.

Cancanta daban, samun gurbi daban. Kuɗin shirin bai taɓa isa ya ɗauki duk yaran da suka cancanta ba, musamman ɓangaren jarirai. Ba kuma wanda ya riga zuwa ake ɗauka ba, maki ake bayarwa gwargwadon buƙata, shi ya sa ɓoye halin da ake ciki yake cutar da mai nema. Ku sa suna tun Janairu ko Fabrairu domin shekarar da za ta fara ƙarshen Agusta ko Satumba, kuma ku sa a cibiya fiye da ɗaya. Ana karɓar suna duk shekara, kuma idan wani yaro ya tashi, sai sun cike gurbinsa cikin kwana 30. A nan ƙaramin abu yake jawo babbar asara: za su kira da lambar da ba ku sani ba, ba a ɗauka ba, akwatin saƙon murya ya cika, sai su wuce zuwa na gaba. Ku share akwatin, ku ba da lamba biyu, in kun sauya layi ku je ku faɗa. Neman cibiya mafi kusa kuwa, ku rubuta Head Start Locator a intanet ku sa lambar unguwarku, ko ku kira 211, layin neman bayani kan ayyukan taimako. Ku tambayi awa nawa suke riƙe yara, domin wasu rabin wuni ne, wasu awa shida ko fiye, kuma ba kowace ke da motar ɗaukar yara ba.

Ranar da kuka fara leƙa ajin, wataƙila ranku ba zai so ba. Babu layin benci, babu allo da ake bin malama da baki. Wani yana zuba yashi a kofi, wata ta ɗaura atamfa tana dafa wa 'yar tsana abinci, biyu suna gardama kan tubalin katako, malama ta durƙusa a tsakaninsu tana tambayar wa ya fara ɗauka. Na sha jin iyaye suna cewa wasa kawai ake yi. Ku tsaya ku duba da kyau. Mai zuba yashi ana tambayarsa kofi nawa ya cika bokiti. Masu gardama ana koya musu faɗin abin da ke ransu da baki maimakon cizo. Lokacin cin abinci yara ke zuba wa kansu daga kwano su miƙa wa na kusa, bayan nan kowa ya ɗauki burushinsa ya wanke baki. Ajin 'yan shekara 4 ba ya wuce yara 20 da manya biyu, na jarirai yawanci takwas ne da malamai biyu. Yaron da ya saba da wannan, ranar da ya shiga makarantar firamare ba ya tsayawa a bakin ƙofa yana kuka wata guda. Kuma ba a korar yaro don ƙiriniya, ba a kuma ƙin ɗaukarsa don bai daina sa kunzugu ba.

Ni a ganina, binciken lafiya ya fi komai daraja a shirin. Cikin kwana 45 da shiga sai an duba ji da gani da yadda yaro yake girma, cikin kwana 90 a tabbatar ya ga likita da likitan haƙori. Mu kan ce ubansa ma bai yi magana da wuri ba, ko harshe biyu ne ya rikita shi. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuma ruwa ne a kunne da ya hana shi ji sosai, abin da za a magance in an gano da wuri. An ware aƙalla kashi 10 cikin ɗari na gurabe domin yara masu buƙata ta musamman, kuma ɗan ƙasa da shekara 3 yana da damar gwaji kyauta a shirin Early Intervention na jiharsa, mai taimakon yaran da girmansu ya yi jinkiri, ko da bai samu gurbi ba. Akwai kuma gwajin dalma a jini, wanda ya shafe mu kai tsaye. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da dalma ta yi yawa a jininsa, aka bi sawu aka tarar tozalin da ake sa masa ne, fiye da kashi 80 cikin ɗarinsa dalma ce. Kwallin da kaka ta aiko da shi da kyakkyawar niyya, a ajiye shi nesa da idon yaro.

Wajen abinci, ku rubuta a fom cewa yaro ba ya cin alade da duk abin da aka yi da shi, ku kuma faɗa wa malamar da mai kicin da bakinku. Ba kowace cibiya ke da naman yanka ba, amma za ku iya cewa a ba shi kifi, ƙwai ko wake. In yaro yana da laya a wuya ko tsaga a fuska, ku yi musu bayani tun ranar farko.

Sai wata magana mai nauyi. Duk ma'aikacin cibiya doka ta tilasta masa ya kai rahoto in ya ga shatin bulala ko ƙuna a jikin yaro, ko yaro ya ce an bar su su kaɗai a gida. Ba shi da zaɓi, ko da yana ganin mutuncinku. Horon da aka yi mana da dorina a gida, a nan yana iya kawo jami'an kare yara ƙofarku. Gara ku ji daga bakin naku tun yanzu. Amma kada ku haɗa wannan da ziyarar malama. Sau biyu a shekara takan zo gida, ta zauna a tabarma ta ga abin da yaro yake so, ta ji burinku a kansa. Ba leƙen tukunya ya kawo ta ba. Akwai ma tsarin da yaro ba ya zuwa aji, malama ce take zuwa gida sau ɗaya a mako na awa ɗaya da rabi, wanda ya dace da mai jego ko wadda ba ta son rabuwa da jariri tukuna.

Kada kowa ya ce muku ku daina yi wa yaro Hausa don ya kama Turanci. Ƙa'idar shirin da kanta ta umarci malamai su ƙarfafa harshen gida. Turanci zai zo, har ya fi naku kafin shekara ta zagayo. Hausar ce ke cikin haɗari. Ku yi masa tatsuniya, ku aike shi da Hausa, ya gaisa da kakanninsa a waya. Ku rubuta wa malamar 'yan kalmomi a takarda, ruwa, fitsari, ciwo, zo, zauna, ta manna a bango. In Turancinku bai nuna ba, ku nemi tafinta a duk zaman da za a yi kan yaronku, kada a sa yayansa ɗan shekara tara ya fassara maganar likita.

Kowace hukumar Head Start tana da majalisar da iyaye ne suka fi yawa a cikinta, suna da ta cewa kan kasafin kuɗi da ka'idar ɗaukar yara. Kujerar mutanenmu a nan kusan kullum babu kowa a kai, sai a dawo ana ƙorafin an sa taron iyaye ranar Juma'a da azahar. Iyaye maza, da ku nake musamman. Awa ɗaya a wata ba za ta karya kasuwa ba. Ta wannan ƙofar ce kuma mata da yawa suka fara da aikin sa kai a aji, suka yi takardar shaidar koyar da ƙananan yara ta CDA, suka zama malamai masu albashi, domin an umarci cibiyoyi su duba iyayen yara idan aiki ya samu.

In layin jira ya yi tsawo, ku duba abin da jiha ko birni ke bayarwa. Birnin New York yana da ajin share fage na Pre-K kyauta ga duk ɗan shekara 4 tun 2014, ba ruwansa da samun iyaye, ya kuma fara 3-K na 'yan shekara 3 a 2017, ana nema ta shafin MySchools. Georgia da Florida da Oklahoma suna da na 'yan shekara 4, Washington babban birni har da 'yan shekara 3. Mazauna Greensboro su tambayi NC Pre-K, na Harrisburg kuma Pre-K Counts, wanda ma'auninsa na samu ya fi na Head Start faɗi sosai. Mai ciki kuma kada ta jira sai an yi suna. Ta sa sunanta a Early Head Start tun cikin yana ƙarami, za su taimaka mata da awo da tallafin abinci na WIC, su zo duba ta da jaririn cikin mako biyu da haihuwa, sannan a shirya yadda jaririn zai ci gaba a shirin har ya cika shekara 3.