Kejin ɓeran Masar a gidan da ake da mage ko kare

Jama'a barkanmu. Mai son kiwon ɓeran Masar a nan Bauchi, ya fara da keji kafin ya sayo dabbar, musamman in akwai mage ko kare a gida.

Kejin tsuntsu na siririyar waya bai dace ba, kare na dafa shi zai lanƙwashe. Gara ku je wajen masu walda a yi muku na ƙarfe mai kauri, tsawonsa aƙalla santimita 120, faɗi 60, in ɓerayen guda biyu ne. Ramukan ragar kada su wuce santimita ɗaya da rabi, don mage ƙwararriya ce wajen zura hannu. Murfi dole ne, mai sakata biyu, ba wanda ake dannewa da dutse ba.

Inda aka fi kuskure shi ne ƙasan kejin. Tafin ƙafar ɓerayen ba shi da gashi, tsayuwa a kan raga na jawo kumburi da gyambo. A sa katako ko faranti, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ana canzawa da zarar ta jiƙe.

A ɗora kejin kan teburi mai ƙarfi, a jingina da bango yadda kare ba zai ture shi ba. A saka musu ɗan akwatin ɓuya a ciki, domin ko mage ba ta taɓa su ba, zaman da take yi tana zuba musu ido kan hana su cin abinci.

Sannan a kula da zafin Maris da Afrilu. Ba sa jure zafi ko kaɗan, a nema musu inuwa mai iska, nesa da kwanon rufi.