Harara Garke, Ƙanƙance Ido da Hakiya: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Faɗa da Fassara

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, kusan duk abin da ya sami ido sunansa ɗaya ne: ciwon ido. Apolo ciwon ido, hazbiya ciwon ido, yanar ido ma ciwon ido. Ba kalmomi Hausa ta rasa ba, mu ne muke cakuɗa su, kuma cakuɗawar ba a baki take tsayawa ba. Uwa za ta kawo yaro ɗakin shan magani ta faɗi kalmar da ba ita ba, ma'aikacin lafiya ya rubuta abin da ya ji, a ba ta maganin ɗigawa ta koma gida, alhali abin da yaron yake buƙata yana asibitin ido.

Kuskuren da ya fi yawa wajen masu fassara yana kan kalmar Turancin nan "squint", domin fuska biyu gare ta. Idan ana maganar mutumin da rana ta haske shi, ko hayaƙin murhu ya shige masa ido, ko yana ƙoƙarin karanta ƙaramin rubutu, to ƙanƙance ido ake nufi. Idan kuwa a katin asibiti ka gan ta, likita ya rubuta cewa yaro yana da ita, to harara garke ake nufi, wato abin da likitoci suke kira "strabismus": ido ɗaya yana kallon abin da ake kallo, ɗayan ya kauce. Ɗan makarantar da aka miƙa wa kati ya karanta wa mahaifinsa, in ya ce "sun ce yana ƙanƙance ido," to magana ta mutu a nan. Uban zai ce ai rana ce, wa bai ƙanƙance ido a watan bazara? Gyaran mai sauƙi ne. Ka tambayi kanka: abu ne da mutum yake yi ya daina, ko abu ne da yake tare da shi? Na farko ƙanƙancewa, na biyu harara garke.

Sai wanda ya fi ɓata mini rai, wato ɗaukar harara garke a matsayin harara. Harara da gangan ake yin ta, ta fushi ce ko ta raini, kuma mai yin ta ya san wanda ya nufa. Mai harara garke bai nufi kowa ba. Amma yara nawa ne suka sha rankwashi a tsakar gida, ko bulala a makarantar allo, a kan "ni kake harara?" alhali yaron allonsa yake kallo? Kowane ido tsokoki shida ne suke juya shi, kuma ƙwaƙwalwa ce take sa na dama da na hagu su tafi tare, kamar shanun huɗa a ƙarƙashin karkiya ɗaya. In ɗaya ya rinjayi ɗaya, layi ya karkace. Babu tarbiyya a ciki, babu rashin kunya, kuma tsawa ba ta miƙar da shi.

Ita kanta kalmar ba ta isa ba idan an je gaban likita, don ba ta faɗi inda idon ya nufa ba. Wani yana shigewa wajen hanci, wani yana fita wajen kunne, wani sama, wani ƙasa. Wani kullum a kauce yake, wani sai yaro ya gaji ko zazzaɓi ya kama shi. Mai yi wa likita tafinta, ko ma'aikaciyar da take karɓar mutane, gara ta bi abin dalla-dalla:

"Gwaggo, wane idon ne yake kaucewa, na dama ko na hagu?"

"Na hagun ne, 'yar nan. In barci ya fara ɗibarsa sai ki ga ya nufi hanci."

"Tun yaushe kuka lura? Akwai mai irinsa a dangi?"

"Tun bayan yaye. Kawunsa ma haka yake."

Wannan 'yar hirar ta fi "idonsa ba daidai ba" amfani nesa ba kusa ba. Abin yana bin jini a wasu gidajen, kuma irin wanda yake bayyana a shekara 2 zuwa 3, ido na shigewa ciki, sau da yawa rashin ganin kusa da kyau ne yake kawo shi, tabarau kaɗai yakan miƙar da shi.

Sauran kalmomin ba su da wahala, sai dai gaggawa takan sa a musanya su. Runtse ido rufewa ne gam. Lumshewa rufewa ce a hankali, ta barci ko ta jin daɗi. Ƙiftawa ita ce wadda kowa yake yi ba ya ma sani. Kanne ido rufe ɗaya ne a bar ɗaya. Kallo da wutsiyar ido kuwa idanu biyun ne suka tafi gefe tare, saboda haka ba harara garke ba ne. Abu biyu kawai zan ƙara. Yaron da kullum sai ya ƙanƙance ido kafin ya ga allon aji, ba iyayi yake ba, a gwada ganinsa na nesa. Wanda kuma yake kanne ido ɗaya duk sanda ya fito rana, a lura da shi, domin masu idon da yake fita waje lokaci-lokaci suna yawan yin haka. Haka nan "idonsa yana rawa" magana biyu ce. Akwai rawar fatar ido, wadda tsofaffi suke cewa za ka ga wanda ka daɗe ba ka gani ba, wannan takan wuce da kanta. Akwai kuma ƙwayar idon da take kai da komo ba tsayawa, kamar yadda ake gani ga zabiya da yawa. Wannan ta biyun a faɗa wa likita ƙwayar ce take rawa, ba fata ba.

Akwai fassarar da nake ji a bakin 'yan boko, wai "malalacin ido." An kwaso ta ne kai tsaye daga Turanci, kuma ba ta gaya wa Bahaushe komai ba, ƙarshenta ma a ɗauka harara garken ce aka sake wa suna. Ba abu ɗaya ba ne, ko da yake ɗaya yana haifar da ɗaya. Idan ido ya kauce tun yaro yana ƙarami, hotuna biyu ne suke zuwa wa ƙwaƙwalwa, sai ta yi watsi da na idon da ya kauce don kada yaron ya riƙa ganin abu bibbiyu. Yau da gobe idon ya rasa ƙarfin gani, ko da lafiyarsa ƙalau. Gara a ce "idon da ganinsa ya raunana saboda an daina aiki da shi." Ya fi tsawo, amma uwa za ta gane. Kuma sai ta gane wannan ne za ta yarda da maganin, domin likita ido mai kyaun yake sa a rufe da filasta na wasu sa'o'i a rana, don a tilasta wa raunanan yin aiki. In ba a yi bayani ba, ana isa gida kaka za ta ce likitan ya ruɗe, a ɓare filastar a manna wa ɗayan. Lokaci kuma ba ya jira: maganin ya fi ci kafin yaro ya kai shekara 7 zuwa 8, bayan nan abin yana ƙara wuya.

Nan ne "zai miƙe da kansa" take yin ɓarna. Gaskiya ne jariri sabon haihuwa idonsa yakan kauce jefi-jefi a watannin farko. Amma in ya wuce wata 4 yana yi, ko kuma tun farko idon a kauce yake kullum, to ba na jira ba ne. Ba fitilar da aka ajiye a bayan kansa ba ce ta ja idon, ba kuma don uwarsa ta yi wa wani dariya tana da ciki ba. Akwai ma jariran da faɗin karan hancinsu ne yake sa a ga kamar idon ya shige, alhali daidai yake. Gwajin gida: a haska tocila daga ɗan nesa, a saitin fuskar yaro, a duba ɗigon hasken a cikin idanu biyu. In ya faɗi wuri ɗaya a kowane ido, da alama lafiya. In a ɗaya yana tsakiya, a ɗaya yana gefe, a tafi asibiti.

Farin da ake gani a ido ma ana haɗe shi duka a kira shi hakiya. Hakiya tabo ne a saman baƙin ido, wanda ƙyanda ko rauni ko maganin gargajiyar da aka ɗiga yakan bari. Yanar ido kuwa a ciki take, bayan ɗan ramin tsakiyar ido. Dukansu in suka kashe gani, idon yakan kauce daga baya, shi ya sa ake rikita su da harara garke. Wanda ba a wasa da shi shi ne ƙaramin yaro, galibi ƙasa da shekara 5, da tsakiyar idonsa yake ƙyalli fari kamar na mage idan haske ya faɗa masa da dare, ko a hoton waya. Wannan farin, da kaucewar ido, su ne alamun farko na sankarar ido ta yara. Kada a ce hakiya ce a ɗiga nono ko ruwan albasa. A faɗa wa likita yadda aka gani: "fari ne daga can ciki, yana ƙyalli."

Kalmar "aiki" ita ma tana korar mutane. Da an ce za a yi wa yaro aikin ido, sai labari ya bazu a unguwa cewa ciro idon ake yi a ajiye a faranti a gyara a mayar. Ba a ciro shi. Tsokar da take jikin farin ido ake sassautawa ko a ɗaure, ido yana mazauninsa. Mai fassara ya ce "za a daidaita tsokar da take jan idon," ya fi "za a yi masa aiki" kwantar da hankali, kuma ya fi kusa da gaskiya. Babba ma ana yi masa.

Amma babban da idonsa ya kauce farat ɗaya, yana ganin mutum ɗaya ya zama biyu, ko fatar idonsa ta sauko, wannan ba harara garken yara ba ce, ba kuma shafar iska ba ce. Ciwon sukari, hawan jini, shanyewar ɓarin jiki ko buguwa a ka, misali bayan faɗuwa daga babur, duk suna iya taɓa jijiyar da take juya ido. A ranar ake tafiya, ba a bari sai ranar kasuwa. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, mutanen Jigawa kuma suna iya farawa da Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse. In akwai tsofaffin hotunan mai ciwon a waya, a tafi da su, suna taimaka wa likita ya gane lokacin da idon ya fara kaucewa.