Kurakuran masu koyon ɗinki da yadda ake gyara su

Duk wanda ya koyi ɗinki a kan baƙin keken nan na ƙafa, Butterfly ko tsohon Singer, ya san takawa ce darasin farko. Sabon ɗan koyo kuwa ɗokinsa ya ɗinka riga tun ƙafarsa ba ta saba ba. Sai ya taka, ƙaramar tayar da ke gefen dama ta juya baya, zare ya cukurkuɗe. Tayar nan wajenka take juyowa kullum: ka fara murza ta da hannu, sannan ƙafa ta karɓa. A shagon da na koya, ba a ba mu zare ba sai da muka iya bin layin da aka ja a takardar buhun siminti da allura tsurarta, miƙaƙƙe da mai lanƙwasa. Har gobe ina jin daɗin ganin ramukan allura sun jeru reras a takarda, kuma da haka nake fara wa duk yaron da aka kawo mini.

Yawancin abin da ɗan koyo ke cewa "keken ya lalace" ba lalacewa ba ce. Idan ɗinki yana tsallake, allura za a fara dubawa. A irin Butterfly ɗin nan, gefen allura mai faɗi dama yake kallo, a tura ta sama har ta tsaya, a zura zare daga hagu zuwa dama. Lambarta ma ta dace da yadin: 14 ga atamfa, 16 ga yadi mai kauri, 11 ga mai shara-shara. Allurar da ta dakushe ko ta lanƙwashe a jefar da ita. Nawa take, da za a bari ta fige wa mutum shaddarsa?

Sai zaren da ke taruwa a ƙarƙashin yadi. Nan ne kowa ke yin kuskure iri ɗaya: tunda a ƙasa matsalar ta bayyana, sai a ciro gidan kwarkwaro, wato inda zaren ƙasa yake, a hau murza ɗan sukurunsa. Alhali galibi laifin zaren sama ne, bai shiga tsakanin faifan da ke matse shi ba. A ɗaga ƙafar da ke danne yadi, don sai an ɗaga ta faifan ke buɗewa, a zare zaren gaba ɗaya a sake zurawa tun daga farko. A gwada a ƙyalle. Sukurun nan a ƙyale shi sai komai ya faskara.

Duk waɗannan da sauƙi, domin ɗinki ana farke shi. Yanka ne ba ya dawowa. Turmin atamfa yadi shida ne, a ciki ake son riga da zani ko siket da ɗankwali, don haka kafin almakashi ya taɓa ta a shimfiɗa, a zana komai da alli, a ga ya isa. A dubi zanen atamfar da kyau. Na ga rigar da furanninta ke kallon sama a gaba, a baya kuma sun yi ƙasa da kai, ga ɗinki tsaf, amma mai ita ta ƙi sawa, kuma da gaskiyarta. A bar rarar ɗinki wadatacciya a gefe, inci ɗaya ko fiye, musamman a kayan yara da yadin auduga da kan shige bayan wanki. Riga ta yi yawa a rage, ta yi kaɗan sai haƙuri. Awo kuma a rubuta shi a littafi da sunan mai kaya. Kada a dogara da ka, ko da na ƙaninka ne.

Almakashin yadi na yadi ne kawai, takarda tana kashe masa kaifi.

Akwai kuma masu barin guga sai an gama. Kowane ɗinki aka yi a buɗe shi a goge kafin a haɗa na gaba, wannan ne ke sa wuyan kaftani ya kwanta, kalmasa ta miƙe. Shadda kuwa a ɗora mata ƙyalle mai tsabta kafin dutsen guga ya hau.

Mai kuma man keke ake sawa, ba man gyaɗa ba, wanda ke daskarewa ya riƙe ƙarfe. A share burbushin yadi daga haƙoran keke masu jan yadi da gidan kwarkwaro, a ɗiga kaɗan a ramukan da aka tanada, sannan a yi ta taka tsumma har man ya daina fitowa kafin a ɗora farin yadin wani.