Kurakuran da ake yi wa wanda ya sha maganin ciwon damuwa fiye da kima

Amitriptyline yana da arha, kuma ana rubuta shi don ciwon damuwa, ciwon jijiya, har da rashin barci, shi ya sa ba ya wuyar samu a gidaje. Wanda ya sha shi fiye da kima yakan iso asibiti da bakinsa yana magana, leɓe a bushe, ƙwayar ido a buɗe, zuciya na gudu. A nan ake fara kuskure: a ga yana amsa tambaya, a ce ya kwanta sai da safe. Kafin awa 2 yana iya suma ya hau jijjiga. A ɗauki ECG, wato zanen bugun zuciya, nan take, a riƙa maimaitawa, a sa masa ido aƙalla awa 6.

Faɗin QRS, wato tsinin da kowane bugu ke yi a zanen ECG, shi ne abin dubawa. Idan ya wuce milisakan 100, jijjiga na kusa; idan ya wuce 160, bugun zuciya na shirin rikicewa. Binciken likitoci Boehnert da Lovejoy ya nuna haka tun 1985. Ƙwayar amitriptyline tana toshe hanyar sodiyam a tsokar zuciya, makarinta kuwa sodiyam bikabonet ne. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake jin tsoronsa, a zuba shi cikin ledar ƙarin ruwa yana ɗiga. A tura milimol 1 zuwa 2 kan kowane kilo ta jijiya lokaci guda, a ƙara har QRS ya tsuke, pH, ma'aunin asid a jini, ya tsaya tsakanin 7.45 da 7.55, ana bibiyar potasiyam domin yakan sauka. In an ɗora majinyacin kan injin numfashi, kada a rage saurin numfashin, don asid na taruwa a jini, gubar ta ƙara ƙarfi.

Maganin jijjigar shi ne diazepam ko lorazepam. A guji phenytoin da flumazenil: phenytoin ma hanyar sodiyam yake toshewa, flumazenil kuma tayar da jijjiga yake yi. Wankin jini ba ya fitar da wannan guba.

A tambayi 'yan uwa ko sun ɗura masa manja ko madara, domin amai ga mai magagi huhu yake shiga. Gawayin asibiti, mai kama guba a ciki, ba a ba da shi sai cikin awa ta farko da shan maganin, kuma sai hanyar numfashi na da kariya. A tambaya ko akwai paracetamol, tramadol ko fluoxetine (wani maganin ciwon damuwa) cikin abin da ya sha. Tramadol da fluoxetine kan haifar da zazzaɓi mai tsanani, gumi da karkarwar ƙafa.

Kada a sallame shi sai likitan ƙwaƙwalwa ya zauna da shi, 'yan uwa kuma su kwashe sauran ƙwayoyin daga ɗakinsa.