Kurakuran da masu koyon kitson fata suka fi yi, da yadda ake gyara su

Jama'a masu sha'awar kitsa fata, ko igiyar laya ce ko abin hannu ko ragamar doki ko bulala, yawancin ƙorafin da ake yi iri ɗaya ne: kitson ya fito a karkace, wani waje kauri wani waje siriri, ko kuma bayan sati biyu ya saki ya yi lakwab. Sai mutum ya ce hannunsa ne bai faɗa ba. Gaskiya ba kullum hannun ba ne, sau da yawa tun kafin a fara kitson aka ɓata aikin, tun wajen sayen fata da yanka ta.

Fatar kanta tukuna. Mutum zai shiga Kofar Wambai ko Kasuwar Kurmi a Kano ya ga guntayen fata masu laushi masu sheƙi da araha sai ya kwasa, alhali yawancinsu jimar kamfani ce ta kemikal, irin ta takalmi da jaka, tana miƙewa kamar roba kuma ba ta riƙe kitso. Ka ɗan yanki gefenta ka duba cikin, in ka ga launin toka-toka mai ɗan shuɗi to ita ce, ajiye musu kayansu. Wadda kake so ita ce jimar bagaruwa, ta majema, musamman fatar jan akuya ta Sakkwato ko ta Maraɗi, ita ce fa wadda aka daɗe ana kaiwa ta hamada har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Ba ta da kauri amma tana da ƙarfi. Fatar tunkiya kuwa kar ma ka fara, laushi gare ta amma da ka ja ta tsinke. Kuma ka ɗaga fatar ka haska ta da rana kafin ka biya kuɗi, duk inda wuƙa ta ci wajen fiɗa za ka ga haske ya ratso, nan ne silinka zai tsinke kana tsakiyar aiki.

Sai yanka, kuma nan ne fa aka fi yin ɓarna. Fata ba ɗaya take ko'ina ba, gadon baya yana da ƙarfi kuma ba ya miƙewa sosai, ciki da hammata da wajen cinya kuwa sakakku ne, to sai ka ga mutum ya shimfiɗa fata ya sa almakashi ya yanko sili tun daga wuya har wutsiya ko ya ratsa ta ciki, silin nan rabinsa tauri rabinsa laushi, yana ja wajen laushin ya zama siriri, ina kitso zai daidaita? Ka fara zubar da gefen cikin nan da hammatar, ka ajiye su don wani aikin, sauran ka yanke shi ya zama kewayayye kamar faifai, sannan ka riƙa bin gefensa kana zagayawa kana shiga ciki, haka ake samun sili mai tsawo daga fata ƙarama. Almakashi ba ya bada gefe mai kyau, aska ko sabuwar reza ta fi, in reza ce ka kafe ta a jikin katako ka sa wani ɗan katakon a gefe ya zama ma'auni, sai ka riƙa jan fatar tana wucewa tsakani. Kuma kar ka yanka daidai faɗin da kake so tun farko. In milimita 4 kake nema yanka 6 ko 7, ka ɗan jiƙa shi, ka ɗaura a jikin ƙarfen taga ko bishiya ka ja shi sosai ya gama miƙewar da zai yi, ya bushe a haka, sannan ka sake bi da reza ka daidaita. Wannan miƙarwar da mutane ke tsallakewa ita ce dalilin da kitso ke saki daga baya, don silin da ba a miƙar ba a jikin aikin zai miƙe.

Akwai kuma fere gefe. Silin da aka bari gefensa a tsaye ba ya kwanciya a kan ɗan'uwansa, sai kitson ya yi ƙaiƙayi-ƙaiƙayi yana cizon hannu. A karkace aska a ɗan fere gefe biyun ta ɓangaren nama, a kankare duk wani kauri da ya fi sauran. Aiki ne mai cin rai amma dukawa na ainihi a nan suke ɓata lokacinsu.

Masu aiki da ɗanyar fatar sa, wadda ba a jeme ba, nasu kuskuren na ruwa ne. Wasu su tsoma sili a bokiti ya kwana ya kumbura, su kitsa shi a haka, to in ya bushe zai tsuke ya bar ramuka tsakani duk kitson ya yi sako-sako. Wasu kuma don sauri su zuba ruwan zafi, shi ke nan sun dafa ta, ta zama ganda, in ta bushe karyewa za ta yi. Ruwan sanyi za ka tsoma na ɗan lokaci, ka fitar ka girgije, ka naɗe a tsumma mai danshi ka sa a leda ya kwana, danshin ya ratsa ko'ina daidai. Yadda za ka gane ya yi: ka lanƙwasa ya lanƙwasu ba gardama, ka matsa ruwa bai fito ba, launinsa ya kusa komawa na busasshe. Lokacin hunturu iska na busar da shi kana cikin aiki, don haka wanda ba ka kai kansa ba ka bar shi cikin leda, da damina kuma kar ka manta shi a ledar kwana da kwanaki, fumfuna zai yi ya fara wari. Kuma a rataye shi sama, ɓera da kare ba sa raga wa ɗanyar fata.

Wajen kitson kansa, mai sili huɗu zagayayye shi ne na farawa: biyu a dama biyu a hagu, ka ɗauki na can gefen dama ka zagaya da shi ta baya ka fito da shi tsakanin biyun hagu, ka dawo da shi dama ya zama na ciki, sannan ka yi haka da na gefen hagu. Abin da ke ɓata shi shi ne barin sili ya juye bayan ya zagaya, sai ka ga ɓangaren nama a waje, da kuma jan hannu ɗaya fiye da ɗaya, shi ke sa layin ya riƙa murɗewa. Ka ɗaure kan aikin a ƙusa ko ƙugiya, ka ja sili kafin ka ɗora shi, ba bayan ka ɗora ba. Jelar da ke ƙasa kuma tana kitsa kanta tana harɗewa, ka riƙa zare ta akai-akai. Tsawon sili ya zama aƙalla ninki ɗaya da rabi na abin da kake son samu, gara ya yi saura.

In ka haura zuwa sili shida ko takwas gara ka sa abin ciki, igiya ko wani kitson siriri, in ba haka ba tsakiyar tana iya lotsawa. Akwai lissafin da masu kitsa bulala ke yi: kaurin abin cikin sau 4.5, a raba da yawan sili. Misali kauri milimita 8 ya bada 36, a raba takwas, faɗin kowane sili milimita 4.5 ke nan. Ya fi haka su hau juna, ya gaza a hango na ciki.

Mai kuma, don Allah a daina shafa baƙin mai na inji, wallahi kashe fata yake. Farin sabulu da aka narkar da ɗan kitse ko man kaɗe ya isa, a shafa kaɗan sili ya riƙa zamewa. Kar ka ajiye jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa a kan ƙarfe ko ka matse ta da filaya tsirara, baƙin tabo za ta yi wanda ba ya fita, haɗuwar ƙarfe da bagaruwa ce, ita ce ma hikimar baƙin rinin dukawa. In za ka yi rini, ko jan karan dafi ko wani, ka rina silin kafin kitso, don bayan an kitsa rini ba ya shiga lungu.

In ka gama kar ka ɗauka ka rataya haka nan. Ka kwantar da shi a kan tebur mai santsi tun da sauran danshi, ka ɗora faffaɗan katako ka murza shi gaba da baya da ƙarfi har silin su kwanta, sannan ka rataye shi a inuwa da ɗan nauyi a ƙasa ya bushe a miƙe.