Yadda nake auna abin da motsa jiki ke yi wa zuciya, huhu da tsoka

Kafin ka sayi takalmin gudu, fara koyon ƙirga bugun zuciyarka. Da safe, tun ba ka sauko daga gado ba, ɗora manuniya da ɗan yatsan tsakiya a wuyan hannunka, ta gefen babban yatsa. Kada ka yi da babban yatsan, shi ma yana da nasa bugun, zai rikita maka lissafi. Ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu, ka rubuta. Na babban mutum yakan kama daga 60 zuwa 100 a minti. Ranar da na fara, ina ɗan shekara 43, nawa 84 ne, kuma bene hawa biyu kan sa in tsaya a tsakiya ina lalube aljihu, wai ina neman makulli, alhali haki nake ɓoyewa.

Fara da tafiya da sauri, minti 20 zuwa 30, kwana biyar a mako. Ma'aunina baki ne: idan kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, saurin ya yi daidai. Idan kalma uku ta gagare ka a numfashi ɗaya, sassauta. A hankali ka kai minti 150 a mako, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara.

Zuciya ce ke fara amsawa. Cikin makonnin farko ruwan da ke cikin jini yana ƙaruwa, sai zuciya ta riƙa cika sosai kafin ta matse. Da tafiya ta yi tafiya, ɗakinta na hagu, mai tura jini zuwa ga jiki, yana ƙara ƙarfi da ɗan faɗi. Jikin da ke hutawa kusan lita 5 na jini yake buƙata a minti. Idan kowane bugu ya tura fiye da na da, ba sai ta buga da yawa ba. Shi ya sa lambar safe ke sauka. Tawa ta koma 76 a wata na biyu, kuma a lokacin madubi bai nuna mini komai ba. Da madubin na bi, da tuni na daina.

Huhu kuwa, mutane na cewa gudu na "buɗe" shi. Gaskiya girmansa ba ya wani canzawa. Abin da ke ƙarfi shi ne tsokar numfashi da ke shimfiɗe ƙarƙashinsa da waɗanda ke tsakanin haƙarƙari. Ragowar sauƙin daga ƙafafu yake zuwa: ƙananan hanyoyin jini na yaɗuwa cikin tsoka, ita kuma ta ƙware wajen zuƙe iskar oksijin daga jini, sai hakin ya ragu. Gwada da bene ɗaya duk ƙarshen wata, ka ga a wace matattakala numfashi ke fara yi maka nauyi.

Kwana biyu a mako ka ba tsoka nata aikin. Tsugunna ka tashi sau 10, ka huta, ka maimaita sau uku. Sannan ka kwanta rubda-ciki ka tura jikinka sama da hannuwa, ko ka jingina da bango idan ƙasa ta yi wuya. Za ka ji ƙarfi ya ƙaru tun a mako na biyu ko na uku, amma ba naman ne ya ƙaru ba tukuna, ƙwaƙwalwa ce ta koyi tayar da zaren tsoka da yawa lokaci guda. Kauri sai bayan mako shida zuwa takwas. Tsamin jikin da ke zuwa washegari, ya tsananta a kwana na biyu, ba abin tsoro ba ne. Taka a hankali, zai sake ka.

Ga inda na yi wauta. A wata na uku numfashi ya daina damuna, sai na ninka nisan sassarfata a mako guda. Agarata ta dama ta kumbura, na yi mako biyar ina ɗingishi. Agara da jijiyoyin gaɓoɓi ba su samun jini kamar tsoka, don haka sun fi kowa jinkirin sabawa. Zuciya za ta ce maka ƙara, gwiwa ba ta shirya ba. Ƙara kaɗan-kaɗan, kuma kada ka ƙara nisa da sauri a mako ɗaya. A hutun dolen nan lambata ta hau daga 72 zuwa 78, don abin da aka tara yakan fara zubewa bayan kamar mako biyu na zama.

Idan kana da hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya, ga likita kafin ka fara. Ciwon ƙirji, jiri ko bugun da ke tsalle-tsalle yayin motsa jiki, tsaya nan take ka nemi asibiti. In kuma wata safiya ka ga lambarka ta haura da 8 ko 10 a kan yadda ta saba, ni dai ranar hutawa nake yi, in sake ƙirgawa gobe.