Yadda zaka ziyarci Lozère, yankin karkarar Faransa da babu hayaniya

Yawancin mutanenmu in sunje Faransa Faris kawai suke tsayawa, su ɗau hoto a gaban hasumiyar Eiffel su dawo, toh amma in kana son hutu na gaske inda zakaji ƙarar ƙararrawar da ke wuyan saniya tafi ta mota yawa, nufi Lozère a kudancin ƙasar. Shine yankin da yafi kowanne ƙarancin mutane a Faransa, kusan mutum dubu 76 ne gaba ɗaya, babban garinsu Mende ma mutum dubu 12 da 'yan kai ne kawai.

Abu na farko, ka nemi motar haya. Jirgin ƙasa yana ratsawa, akwai layin da ya taso daga Clermont-Ferrand zuwa Nîmes yana tsayawa a Langogne da Villefort, kuma hanyar tana da kyau sosai, amma in ka sauka shikenan, bas ɗin ƙauye sai ka jima baka ga ɗaya ba. Da mota kuwa ka hau babban titin A75, kyauta ne sai in zaka tsallake gadar Millau nan ne zaka biya. Kar taswirar waya ta ruɗeka, wuri zai nuna kilomita 30 kace ai nan da nan ne, alhali hanyar dutse ce mai kwana-kwana, awa ɗaya zaka iya ci. Kuma in tankinka ya kai rabi kaga gidan mai to ka sha, kar kace sai gaba.

Masauki kuma ka zaɓi guri ɗaya ka zauna kana fita kana dawowa. Florac ko Sainte-Enimie sun dace, dukansu suna kusa da kwazazzabon kogin Tarn. Gidajen da suke kira chambre d'hôtes sunfi otal daɗi, ɗaki ne a gidan mutum, da safe a baka burodi da man shanu da kofi.

Sai maganar lokaci, nan ne baƙi suke shan wuya wallahi. Gidan abinci daga 12 zuwa 2 na rana yake sayarwa, in ka wuce sai wajen 7 na yamma, shaguna da yawa suma suna rufewa da rana, ran Lahadi kuwa kusan komai a kulle. Ni da na raina abin na iso wani ƙauye ƙarfe uku da yunwa, biskit ɗin cikin mota ne ya ceceni. Saboda haka da safe ka sayi burodi da cuku da ruwa ka ajiye. In ka shiga shago ka fara da bonjour kafin komai, su a gurinsu rashin gaisuwa rashin tarbiyya ne. Abincin da ake ji dashi shine aligot, dankali ne da aka kirɓa da cuku har yana dogon zare in an ɗaga cokali, sai dai ka kula sau da yawa da tsiran alade ake haɗashi, kace sans porc, wato banda alade, tun kafin a zubo.

Abin kallo, ka hau kwale-kwale a Tarn daga Sainte-Enimie, ruwan garau kana ganin duwatsun ƙasa. Kogon Aven Armand da aka gano a 1897 shima ka leƙa amma ka ɗau rigar sanyi. A kwazazzabon kogin Jonte akwai manyan ungulaye da aka dawo dasu a shekarun 1980 bayan sun ƙare. Ni dai abin da yafi burgeni kiwo ne, a ƙarshen watan Mayu makiyayan Aubrac, wani yankin tudu a arewa maso yammacin Lozère, suna yiwa shanu ado da furanni su korasu tudu cin ciyawa, tsarin kiwon yankin Causses da Cévennes, wato tuddan kudancin Lozère da kewaye, ne ma yasa UNESCO ta sashi cikin kayan tarihin duniya a 2011. In kana tafiyar ƙafa ka haɗu da garken tumaki da wani ƙaton farin kare, patou suke ce masa, kar ka gudu kuma kar ka ratsa garken, zagaye zakayi a hankali.

Yuni ko Satumba yafi, Agusta Faransawa duk suna hutu sun cika Tarn, lokacin sanyi kuma dusar ƙanƙara tana toshe hanyoyin tudu. Ko a Yuni ɗin ka saka suwaita a jaka don dare akwai sanyi.